Rami na Ashirin da Ɗaya

"Yanzu haka matarka kunu take sha," in ji Hamma, disfensan ƙauyen Babban Mutum. Muryarsa na zuwa ta waya kamar daga cikin rijiya. "Kumburin ƙafar ya ɗan sace. Amma Dabo, sarar kububuwa ba a sakin jiki da ita sai an kwana uku. In na ga jini a dasashinta, mota nake so nan take. Kuma ka sani ni ba na iya kiranku."

"Yau zan haɗa."

"Jiya ma haka ka ce."

"Na ce yau."

Dabo ya zare filogi daga ramin, ya miƙa wa Eucharia, mai haɗa layi, abin sawa a kunne.

Shekara goma sha ɗaya yana gyara a gidan wayar Daura. Allon haɗa layin na katako ne mai rami ashirin, kuma kowane layi ƙofa biyu gare shi. Akwai ta fita, ramin da Eucharia ke soka filogi ta kira mutum. Akwai ta shiga, wani ɗan marfin ƙarfe a saman ramin, wanda ke faɗowa idan na can ya juya hannun wayarsa. Tun da kuɗin mai suka shigo gari, 'yan kwangila suka cinye ramukan duka. Da turakun waya suka isa ɗakin shan magani na Babban Mutum, Dabo da kansa ya huda rami na ashirin da ɗaya a gefen allon, ya haɗa masa fita. Marfin ne bai samu ba sai jiya da yamma, da ya ciro ɗaya daga wani mataccen allo. Yana cikin aljihunsa.

Boko bai dame shi ba. A bayan takardar siminti ya zana allon, kowane layi ɗan akwati, ɗigon shuɗi fita, ɗigon ja shiga. Akwati na ƙarshe shuɗi kawai gare shi.

Haulatu, matarsa ta shekara ashirin da biyu, ta je Babban Mutum duba tsohuwarta ne, shekaranjiya ta taka macijin a gonar gyaɗa. Landirobar asibiti kuwa ba ta fita ƙauye sai disfensa ya nema da bakinsa.

Ya ɗora ƙarfen narka darma a wuta ke nan sai ga Maliki, shugabansu, yana kaɗa makullin mota.

"Tattara kayanka. Alhaji Kabo na son waya ta biyu a shagon siminti. Baƙi gare shi daga Kano."

"Aikin marfin nan rabin awa ne, ranka ya daɗe."

"Alhaji na zaune a mota. Ƙauye guduwa zai yi?"

Eucharia ta juyo a kujerarta. A Daura ta girma, Hausa a bakinta kamar ta kowa. "Oga Dabo, in an yi azahar in kira maka madam, in ji yadda take?"

Maliki ya kwashe da dariya. Bai san zancen maciji ba. "Au! Kwana huɗu ba ta nan har an fara aika waya? Dabo, da furfurarka?"

Masinja ma ya yi dariya daga bakin ƙofa. Dabo ya sauke ƙarfen daga wuta. Namiji ba ya tsayawa gaban mutane yana lissafa ciwon matarsa.

"Kada ki kira kowa," ya ce da Eucharia. "An ce tana shan kunu."

"Oga, faɗa masa mana."

"Na ce ki bari."

Ya wuni a kan turken waya. An yi ruwa da asuba, rana ta fito da ƙarfinta, katakon na tururi. Da ya sauko da layin cikin shago, Alhaji ya ce a sa wayar kusa da firiji. Aka sa. Ya ce a'a, baƙi ba za su gan ta ba, a mai da ita kan tebur. Aka mayar. Daga baya ya ce igiyar ta yi gajarta. Dabo ya ƙaro waya. Ya yi azahar a gindin turken. Aka kawo masa lemon kwalba, ya sha rabi ya manta sauran. Sau biyu ya sa hannu a aljihu ya taɓa marfin.

Sai bayan la'asar ya koma. Eucharia ta janye kujerarta. Ya durƙusa bayan allon, ya fere bakin wayoyi biyu da haƙori, ya ɗiga darma, ya hura. Ya zagayo gaba ya zaunar da marfin a saman ramin. Kusoshi huɗu ne. Yana ɗaura na uku marfin ya faɗo, ƙwas.

Ya ɗauka bai zauna daidai ba ne. Ya ɗaga shi da ɗan yatsa ya mayar.

Ƙwas.

Ya sake mayarwa. Ya sake faɗowa, yana ɗan rawa.

"Oga," in ji Eucharia a hankali. "Ba lalacewa ya yi ba. Kira ne."

Ta soka filogi ta miƙa masa abin kunnen. Da farko numfashi kawai ya ji.

"Daura? Daura ce?"

"Dabo ne."

Hamma ne. Muryarsa ta dishe. "Tun hantsi nake juya hannun nan, Dabo. Ni da matata muke karɓa-karɓa. Na tura mutum a keke, ruwa ya cinye hanya."

"Bari in haɗa ka da asibiti su ba da mota."

"Bar motar."

Dabo ya dubi allon. Marfin Alhaji Kabo ya faɗo, na wani ɗan kwangila ma ya faɗo. Eucharia ba ta taɓa su ba.

"Ƙarfe nawa?"

"Ana kiran la'asar. Sai haƙuri, Dabo. Tsohuwa ta ce a jira ka, ko da safe ne."

"To."

Ya cire abin kunnen ya ajiye. Eucharia ta rufe baki da gefen ɗankwalinta, kafaɗunta na motsi. Shi bai ji komai ba, sai ɗacin darma a harshensa. Kusa ta huɗu na nan a tafin hannunsa. Ya sa ta a raminta ya ɗaura har ta tsaya.

Maliki ya leƙo daga ofis. "Alhaji ya yaba ƙwarai. Wannan fa, ya yi?"

"Ya yi," in ji Dabo. "Yana shiga, yana fita."

Ya warware takardar siminti a kan gwiwarsa, ya lashi bakin jan fensir, ya ɗiga a akwati na ƙarshe. Sannan ya naɗe ta, ya tambayi masinja ko akwai sauran motar da ke zuwa Baure, hanyar Babban Mutum, a tasha.