Ƙullin Jar Leda

Mu a wurin aiki ba ma ce mata otokilef, tukunya muke ce mata. Ita ke dafa sharar ɗakin gwaji da tururi har ƙwayar cuta ta mutu, sannan a fitar. Shekarata goma sha bakwai a gabanta, a ɗakin ƙasa mai zafin tsiya, gwiwoyina ma sun shaida.

Doka ɗaya nake nanata wa ma'aikatan sama har bakina ya gaji: kada a ƙulle bakin leda tamau. A zuba rabin kofin ruwa, a bar bakin sako-sako. In an ƙulle, tururi ba ya shiga. Salatif ɗin da muke liƙa wa ledar zai yi baƙin zane, alamar ta dahu, alhali cikin ɗanye shar. Shi salatif abin da ya taɓa bayansa kawai ya sani.

Ranar nan na gaji liƙis. Abokiyar aikina ta haihu, sati uku ni kaɗai nake aikin mutum biyu. A gida kuma Inna na kwance, ni ke canza mata ƙunzugu safe da yamma, in ƙulle ledar sau biyu don kada wari ya cika wa yara ɗaki. Wallahi har a tsaye gyangyaɗi nake.

Ƙarfe huɗu Baba mai baro ya shigo, shi ne ke kwashe ledojin zuwa wurin ƙonawa. Safar hannunsa ta yage a babban yatsa tun bara, hannun kuwa duk faso. Kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa, don haka rungumar leda yake yi a ƙirji kafin ya sa a baro.

"'Yata, sun dahu?"

Na kalli salatif, baƙi wuluk. "Sun dahu, Baba."

"Shi ke nan. In ke kika faɗa, ko a kai sai in ɗora."

Na cire takunkumi, na rataya jaka. Motar ma'aikata huɗu da rabi take tashi, direban kuwa ko uwarsa ba ya jira. Baba ya tura baro ya nufi ƙofa, sai idona ya faɗa kan ledar da ke saman baron. Bakinta a ƙulle gam. Rubutun jikinta kuma na ɓangaren masu tarin fuka ne.

Ba zan ɓoye ba, sai da na yi tsaye na ɗan lokaci. Zuciyata ta ce, ke, ai ƙonawa za a yi, wa zai sani? Amma na san Baba zai sake rungumarta a can, na kuma san yadda ledar nan ke tsagewa a bakin baro. Ga jikokinsa da ke tarbarsa su ɗale jikinsa kafin ya cire riga.

"Baba! Tsaya! Kada ka ƙara taɓa ta."

Na mai da takunkumi da safa, na ɗauko ledar na ajiye a tire, bakina bai yi shiru ba. "Mutanen saman nan! Masu farar riga da kunnen ƙashi! Sau nawa zan faɗa? Yau sai na hau na samu mai wannan aika-aikar, ko waye shi."

Na sa yatsa zan sassauta ƙullin, sai na lura da yadda aka yi shi. Ƙulli biyu ne, kunnen ƙullin ya kwanta ta hagu. Duk ginin nan ni kaɗai ce bahaguwa. Nan take na tuna: da hantsi ledar ta sauko bakinta sako-sako yadda ya kamata, wari ya buge ni, hannuna ya yi abin da ya saba yi a ɗakin Inna.

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in yi kuka don gajiya. Na zuba ruwa, na mai da ledar tukunya, na murɗa ƙofa. Wata awa ɗaya da rabi ke nan. Ta taga na ji motar ma'aikata ta tashi.

Na ja Baba bakin famfo, na wanke masa hannu da sabulu da magani har gwiwar hannu, na sa ya cire rigar saman. Na ba shi sabuwar safa daga nawa.

"Wane ne ya ƙulle?" ya tambaya.

"Ni ce, Baba."

Ya zauna a benci, ya riƙe hannayensa nesa da jikinsa, yana kallon agogon tukunya. Can ya ɗago.

"To gobe in kin ce sun dahu, in ɗauka?"

Na zauna kusa da shi a bencin.

"Ka duba ƙullin tukuna," na ce.