Ɗaurin Jumma

…goma sha ɗaya. Saura ɗaya. Tun hantsi take tsaye a bayan majami'a tana ɗauri, wa ya ji ta ce wash? Jumma ke nan. Shekara talatin ita ke ɗaura wa mawaƙan majami'ar nan ta Gaya kallabi, ba allura, ba tsinke — ninki uku, murɗi ɗaya, a soke ta hagu. Daga baya take tsayawa, kada wata ta ga hannunta. Rowa? To, rowa ce, ta yarda.

Yau taro ne, ga matan garin Malanbil sun ƙetaro gada, na Kamba sun zo da nasu na tela… ɗinkakke! A kifa a ka kamar kwano. Su zo su ga ɗauri.

Nuriya na durƙushe a gabanta, ita ce ta ƙarshe, ita ce kuma mai ba da waƙa. Yatsun nan na Jumma… tun damina suke sandare mata, ba ta faɗa wa kowa ba. Ninki ɗaya. Biyu. Babban yatsa ya ƙi. Ranar taron Dosso, ana tsakar juyi iska ta taso, ko kallabi ɗaya bai faɗi ba, matar fasto ta riƙe hannun nan tana cewa… Kash, ɗaurin ya zame. Atamfar ta zubo kafaɗar yarinya. A sake. Ya zame. Ga kiɗa ya tashi a ciki. Yarinya ta tsaya gaban Ubangiji da gaban baƙi kai a buɗe? A ce Jumma ce ta…

"Bari, Inna."

Nuriya ta kai hannu biyu bayan kanta, ba madubi. Ninki uku. Murɗi. Ta soke ta hagu — ta hagu! Wa ya nuna mata? Babu. Shekara bakwai kan nan yana ƙarƙashin hannunta, ashe sata yake yi. Ɓarauniya! Ɗauri ya zauna das, har kunnen kallabin nan mai kallon sama. Nata ne. Nata ne sak.

Daɗi ya cika ta, har tana jin kunyarsa. Ta cusa hannayen cikin zane. Lahadi mai zuwa fa? Wa zai durƙusa mata…

Nuriya ta juyo, ta miƙo hannu wajen kan Jumma — ashe nata ma ya karkace. Wai ta sunkuya? Ita?

Ta sunkuya.