Bindigar Aljihu

Bindigar ba ta kai tafin hannun Orval Tackett tsawo ba, amma yadda ya ɗora ta a kan teburin filin harbi, sai ka rantse jariri ya kawo coci a yi masa baftisma. Har ɗan tsumma mai laushi ya shimfiɗa mata.

"Dube ta, Dewey. Buɗe ido ka dube ta."

Dewey Sizemore, wanda yake kula da filin tun yana da gashi a ka, ya kurɓi kofinsa ya leƙo. "Na gani. Jikata ma tana da irinta, ruwa take fesawa."

"Hassada ce za ta kashe ka, tsoho."

"A kan wannan 'yar arhar? Saye ka yi, ko kyauta aka haɗa maka da ka sha mai?"

Orval ya kece da dariya. Yau ko zagin mahaifinsa aka yi dariya zai yi. Tun asuba yake kai da kawo, ya aske gemu, ya sa rigar zuwa coci alhali Asabar ce.

Mutanen wannan yanki na Kentucky suna saɓawa a kan zaɓe, da wa'azi, da iyakar gona, amma sun yarda da abu ɗaya: ba ka jefa ƙaramar bindiga a aljihu ka ce ka dogara da ita sai ka hore ta tukuna. Orval kuwa ya hore ta. Duk bazarar nan yana nan kowace Asabar, kwalin harsashi bayan kwali. Ya ba ta na arha, ya ba ta na tsada. Ya bar ta da datti da gangan. Ya yi mako yana yawo da ita a aljihun wando don ta sha ƙura da zare, sannan ya zaro ya harba. Ko sau ɗaya ba ta cije ba.

Ba don kansa ya saya ba. Wata mai zuwa za a sako Royce, tsohon mijin 'yarsa Marcy, daga kurkuku. Kotu ta ba ta takardar da ta hana shi matsowa kusa da ita, sai dai Orval ya karanta tarihi da yawa, bai taɓa cin karo da inda takarda ta tare mutum a bakin ƙofa ba. Marcy ta ce za ta kwashi 'yan matanta biyu su koma Duluth wurin gwaggonta, can ƙarshen arewa. Tun da matarsa ta rasu, gidan Orval ba ya jin muryar kowa sai ran da yaran suka zo suka hargitsa masa littattafai. Shi ya sa ya ce mata ta tsaya, zai samo mata abin da za ta kare kanta, wanda zai ɓuya a aljihun rigar aikinta. Ta ce, "Bari mu gani." Shi kuma ya ɗauki wannan a matsayin alkawari.

"Ga ta nan!" Orval ya kusa ture kofin Dewey.

Marcy ta fito daga mota da shuɗiyar rigar gidan kula da tsofaffi, idanunta duk gajiya. "Baba, wa za ka aura ka sha ado haka?"

"Zo, 'yar nan, zo. Sa a aljihu tukuna. Dewey, kana ganin wani abu?"

"Ba na ganin komai," in ji Dewey. "Dama babu komai ɗin."

Ita ma sai da ta yi murmushi. Ta toshe kunnuwa, ta gyara tsayuwa yadda ya koya mata tun tana yarinya suna harbin gwangwani a bayan gida. Ta danna kunama. Tau! Rami ya fito dab da tsakiyar takardar da aka kafa don harbi.

"Jinina ce!" Orval ya daki teburin. "Ka gani? Ka gani, mai baƙin ciki? Ƙara masa, Marcy!"

Ta sake dannawa. Shiru.

Kwanson harsashin farko ne ya maƙale a sama, tsaye, murfin bindigar ya danne shi. Orval ya karɓa ya fizge shi. "Ba komai, harsashi ɗaya ne mara kyau. Sake."

Tau! Sai shiru kuma. Wani kwanson ya maƙale.

Orval ya karɓi bindigar ya juye sauran harsasan a jere, tau-tau-tau, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ya sake cika ta ya miƙa mata. Wannan karon bai kalli takardar ba, hannunta ya kalla. Da bindigar ta tashi, sai ya ga wuyan hannun ya lanƙwashe baya kamar ɗanyen reshe.

Ya san wannan. Ya karanta shi a wurare da yawa. Irin waɗannan ƙananan ba su da nauyin kansu, ƙarfin hannun mai riƙe da su suke ara. In hannu ya ba da kai, murfin ba ya ja baya sosai, kwanso ba ya fita. Duk bazara yana gwada bindigar, amma a hannun da ya yi shekara da shekaru yana faskaren itace.

"Ƙanƙame wuyan hannun, 'yar nan. Ki sandare shi."

"Ba ya sandarewa, Baba."

"Gwada dai. Tun faɗuwar nan da kika yi a kan ƙanƙara ne?"

Marcy ta cire abin toshe kunnen a hankali. Ta ajiye bindigar bakinta na kallon fili, yadda ya koya mata.

"Ban faɗi a kan ƙanƙara ba, Baba. Ƙofar mota ce. Royce ne ya riƙe hannun, shi ya rufe ta."

Dewey ya ajiye kofinsa. Ya yi gyaran murya. "'Yata, ina da babbar bindiga mai juyi a mota. Ita ba ruwanta da wuyan hannu."

"Na taɓa ɗaga ta, Kawu Dewey. A wane aljihu zan sa ta? Ina ɗaga tsofaffi daga gado, ina goya yara."

"Da hagu fa?" Muryar Orval ta fito siririya.

Ta gwada, don shi. Harsashin ya tayar da ƙasa nesa da takardar.

A can ƙarshen filin wasu suna ta harbinsu suna shewa. Orval ya zare gidan harsashin, ya duba cikin bindigar, ya naɗe ta a tsumman. Ya daɗe yana gyara bakin naɗin, wanda ba ya buƙatar gyara.

"Gadajen yaran," ya ce, bai ɗago ba, "in an kwance su za su shiga bayan motata."

"Baba..."

"Tayoyin baya ne sai na canja. Hanyar Duluth da nisa."