Lami a Layin Hagu

A shekarun da ake zaɓe da bin layi, kafin a hana giya gaba ɗaya, akwai wani gidan giya a bayan garinmu, kan hanyar Kankia zuwa Kusada. In ka tambaya, ba wanda ke zuwa. Amma hanyar gidan ko ciyawa ba ta fitowa.

Sai aka aiko daga Katsina a ji ra'ayinmu: a ninka harajin giya ko a bar shi yadda yake? Aka kafa sanda biyu a filin firamare. Mai son ƙari ya bi ta dama, wanda ba ya so ya bi ta hagu, a ƙirga kawuna kowa na kallon kowa. Wanda ya tsara wannan bai san mu ba. Wa zai tsaya hagu a gaban liman da surukansa?

Lami maƙwabciyata ce. Duk ranar kasuwa mijinta Gajere sai ya zare damin gero daga rumbu ya sayar, kuɗin su ƙare a bayan gari. 'Ya'ya huɗu, damina saura wata uku, abin da ya rage a rumbun da ƙyar zai kai su.

Da safen ranar bin layin, Lami ta leƙo ta katanga.

"Yaya, ki taya ni tsayawa hagu."

"Ke Lami, kin san mi kike hwaɗi?"

"Na sani. Ko an mai da kwalba kuɗin saniya, sai ya sha. Wanga ƙari daga bakin ɗiyana za shi hita."

Na ce mata to. Wallahi na ce to.

A filin, Gajere ne na uku a layin dama, da farar riga da carbi, har yana gyara wa mutane tsayuwa. Abokan shansa duk suna bayansa. Lami ta ratsa cikin mata da goyonta ta je ta tsaya hagu. Ta waiwayo tana nema na. Na sunkuyar da kai na shige bayan uwar mijina a dama. Har yau ina jin kunyar abin nan, kuma kunyar ba ta amfane ta da komai ba.

Mai ƙirga ya ɗaga murya, "Hagu, mutum ɗaya!" Aka bushe da dariya.

Kafin la'asar an fara cewa ita ma sha take yi. Masu sayen ƙulinta suka koma wani gida. Wanta Sada, da ke aiko mata da dawa daga Kusada, ya aiko cewa ta zubar musu da mutunci, kada ta ƙara taka masa gida.

Haraji ya hau. Gajere ya koma zare dami biyu.

Ran da aka yi ruwan shuka, gari duk ya fita gona. Ina ɗaura zane Lami ta yi sallama, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, ba ta ko kalle ni ba.

"Yaya, ko kina da iri, ko rabin tiya? Wanda na ɓoye cikin tulu mun cinye shi shekaranjiya."