Mai Ban Ruwan Gamba

Da bazara abin ya fara zuwa mana, lokacin sharar gona, bayan azahar. Girmansa bai wuce faifai ba, sai ƙugi kamar zuma ta tashi. Ya ɓullo daga wajen garin Babban Mutum, ya tsaya cak a saman gonakinmu kamar mai neman abin da ya yar, sannan ya yi arewa. Washegari ya dawo, daga nan kuma ya mai da mu hanya.

Mu mutanen Unguwar Ɗantsoho ba mu iya zama da "ban sani ba". Kafin la'asar kowa ya gano ko mene ne. Makiyaya suka ce ɓarayin shanu ne ke ƙirga garke. Sha'aban, mai tsallaka iyaka da fetur a babur, ya rantse shi kaɗai ake nema, ya lulluɓe jarkokinsa da karan dawa. Tsohuwa Maiturare ta ce aljanu ne suka waye. Mata kuwa suka koma yin daka da hijabi a tsakar gidajensu, tunda magina ba su taɓa tunanin za a leƙo ta sama ba.

Sai Amadu ya yi magana, muna zaune a teburin mai shayi. Ya taɓa yin gadi a Katsina, saboda haka duk abin da ke aiki da batir shi muke tambaya.

"Diron sunansa," in ji shi. "Awon ƙasa yake. Gwamnati na da hoton kowace gona tun na da can. Za a ɗora na bana a kan na da, duk wanda iyakarsa ta yi tafiya a gan shi."

Ba wanda ya tambaye shi inda ya ji. Audi ne ya fi kowa dariya, har da buga cinya, amma bai ƙarasa shayinsa ba ya tashi.

A nan wajenmu gamba ce iyakar gona. Layin ciyawa ake dasawa tsakanin maƙwabta, a bar ta nan ta zama shaida. Gonar Audi tana manne da ta ƙanensa Mahdi, wanda ya rasu ya bar matarsa Barakatu da yara, babbansu Zakiyyu. Tun daga rasuwar, gambar da ke tsakaninsu ta koyi tafiya. Duk ruwan farko Audi kan haƙo ta da saiwarta, ya matsar da ita kaɗan cikin gonar marayu, ita kuwa gamba in ta sami danshi sai ta kama kamar a nan aka haife ta. Geron Barakatu ya daina kai ta kaka. Ta kai kuka wurin mai unguwa, ya zo ya dubi ciyawa kore shar, ya ce, "Barakatu, gamba ai ba ta da ƙafa." Liman ya yi wa Audi nasiha, Audi ya ce amin da ƙarfi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

To, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kwana kaɗan da maganar Amadu aka hango Audi a gona yana saran busasshiyar ƙasa, yana mai da gamba inda ya ɗauko ta. Sauri ya hana shi tuna cewa bazara ake ciki. Kafin rana ta faɗi duk ta yi yaushi. Layin matacciyar gamba kuwa, a kan sabuwar haƙa, ko makaho ya san labarinsa, balle mai kallo daga sama. Dole ta rayu. Dole a ba ta ruwa.

Haka muka wayi gari da Audi a layin burtsatse, shi da jaki da jarkoki, a garin da ruwan sha ma sai an yi faɗa. Yakan fito da sassafe don kada a gan shi, layi ya riƙe shi sai rana ta take, ya ratsa gari kowa na kallo.

"Audi, lambu aka buɗe?" in ji Sha'aban.

"Dashe nake."

"Na me?"

Audi ya daki jaki ya wuce. Ba a matsa masa ba, don a kwanakin nan ba shi kaɗai ba ne ya sami aikin gaggawa a bakin iyakarsa.

Ran nan ina sassabe a tawa gonar, kusa da tasu, sai ga Barakatu da tulu a ka. Ta tarar da Audi a durƙushe yana tsiyaya ruwa gindi-gindi. Ta gaishe shi cikin ladabi, ta sauke tulun, ta fara daga ɗaya ƙarshen layin.

"Me kike yi?" in ji shi.

"Taya ka nake, Yaya. Kar ta mutu."

Ana haka ƙugin ya taso. Abin ya zo ya tsaya a kansu. Audi ya ɓoye jarka a bayansa, ya sake tunani, ya fito da ita fili ya ci gaba da zubawa a hankali, yadda za a gani da kyau. Barakatu ko kai ba ta ɗaga ba. Da abin ya wuce, ya matso ya rage murya.

"Uwar Zakiyyu, mu ai gida ɗaya ne. In mutanen nan suka zo tambaya, ki rufa mini asiri. Ki ce musu gambar nan a nan take tun Mahdi na da rai."

Ta dube shi, ta dubi layin daga farko har ƙarshe.

"Zan faɗa musu, Yaya," ta ce. "Abin da nake faɗa ke nan tun da ya rasu."

Ta juye sauran ruwan a gindi na gaba.