Zinare da Tsatsa

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama matata, bakinta ya ɗaure. Kalma ɗaya-ɗaya take fitarwa, ita ma da ƙyar: ruwa, a'a, tafi. Matar da a da sai na roƙe ta ta yi shiru.

Likita ya ce, "Baba, ka riƙa yi mata hira. Ɗauki kalma, ka sa ta cikin magana, ka jira. In ta haɗa magana guda cikakkiya, saura za su biyo. In aka bar ta shiru, shirun zai zauna."

Ni mai walda ne. Ƙarfe na iya haɗawa, ba zance ba.

Wata safiya autarmu ta shigo da farantin abinci.

"Baba, watan gobe aurenku zai cika shekara hamsin. Bikin zinare ake ce masa. Ga kalmar yau, ka gwada."

Na ja kujera bakin gado. Na gyara murya.

"Bikin zinare ya zo."

Tsohuwa, matar tawa, tana kallon fanka.

"Bikin zinare watan gobe ne."

Ko motsi.

Auta ta riƙe baki. "Haba Baba, sai ka ce sanarwar rasuwa! Ɗan sa masa zaƙi mana."

"Je ki ɗora ruwan zafi."

Ta fita. Muka rage mu biyu. Na gyara mata matashi, na goge mata gefen baki.

Na ce, "Tsohuwa, ni wannan suna bai kwanta min ba. Bikin zinare! Zinare laushi gare shi, haƙori ma lotsa shi yake. Namu auren ƙarfe ne. Ya sha wuta, ya sha guduma, ya kama. Duba ko'ina, ba inda ya tsage."

Ta juyo da ido kaina. Leɓenta ya fara motsi. Na san irin kallon nan tun muna da ƙuruciya. Na kama bakina, ban taya ta ba.

"Kai…" Ta ja numfashi. "Kai ne… ka yi… tsatsa."

Auta tana bakin ƙofa ashe. Ta saki buta, tana dariya tana kuka.

Na kama hannunta mai lafiyar. Ya riƙe nawa gam.

Na ce, "Na ji. Za a yi bikin, da tsatsar da komai. Ƙaro wata, tsohuwa. Zage ni da kyau."