Agogon da Baba Bai Taɓa Ɗaurawa Ba

Ranar rabon gadon Babanmu, Malam Tasi'u, babu wanda ya kalli agogon sau biyu. Hankalin yayyena maza yana kan gona da shanun noma. Yaya Kamaru ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mushen ƙadangare, ya ce wa yake ɗaura wannan yanzu, ga waya a aljihun kowa. Na ce a sa mini shi a cikin rabona. Aka yi mini dariya, aka ba ni.

Ni na san abin da na karɓa. Tun ina 'yar mitsitsiya, kullum in Baba ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a bakin gado, ya buɗe wani tsohon gwangwanin shayi, ya warware ƙyalle, ya murɗa ɗan kan agogon nan a hankali. Ya kara shi a kunne, ya mayar. Bai taɓa ɗaura shi ba, ko ranar Idi. Muna yi masa tsiya cewa rowarsa ta kai har hannunsa yake hana wa, shi kuwa sai murmushi. Faɗuwa ya yi a gona, bakinsa ya mutu, kwana biyu ya cika, bai bar mana ko kalma ɗaya ba. Don haka agogon nan shi ne abin da ya rage mini mai motsi daga gare shi. Nakan murɗa shi da asuba kafin na ɗora gyaɗar ƙuli a wuta, na ji kamar mun gaisa.

Da damina ta yi nisa sai ya fara lalaci, ya riƙa makara, wata safiya ya tsaya cak. Maigidana ya ce batir ne ya ƙare. Ranar kasuwar Ɗambatta na ƙulle shi a bakin zane, na shiga mota.

Aka nuna mini wani dattijo, Malam Uwaisu, mai gyaran agogo, wanda yanzu rabin teburinsa cajar waya ce. Da na ce a sa mini batir, ya dube ni ta saman tabarau kamar na zage shi. Ya buɗe marfin baya da bakin wata 'yar wuƙa, ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya daɗe yana kallo. Ya ce wannan ba ruwansa da batir, ƙirar Siwizalan ne, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Ba abin da ya karye, man cikinsa ne ya bushe, ga danshin damina. Ya ce wanda ya riƙe shi ya san amana. Ya yi ta jero mini dokoki: a murɗa shi sau ɗaya a yini, lokaci guda, da an ji ya yi tauri a tsaya, kada ruwa ya taɓa shi, kada a ajiye shi kusa da rediyo ko waya, saboda maganaɗisun cikinsu yana rikita shi. Ina ta jin daɗi kamar ni ake yabo.

Sai ya juya marfin, ya kawo shi kusa da ido.

"Tahira kika ce sunanki? Wane ne Sama'ilu Ɗan'auta a gidanku?"

Na ce ba mu da shi. Ya nuna mini wani ɗan rubutun ajami da aka zana da tsinin allura a cikin marfin, har da shekara, saba'in da takwas. Ya ce masu gyara na da haka suke yi, su rubuta sunan mai kaya don kada agoguna su cakuɗe a hannunsu.

Raina ya ɓaci, ban san dalili ba. Na ce to ai saye Baba ya yi a hannun mutumin. Malam Uwaisu ya ce mai yiwuwa ne, ya ci gaba da aikinsa. Da la'asar na karɓi agogona yana tafiya tsaf, amma na dawo gida da abin da ban je nema ba.

Mako uku ina faɗa wa kaina cewa saye ne. Sai dai mutum ba ya sayen agogo ya yi shekara arba'in da ɗoriya bai ɗaura ba, kuma Baba ba mahaukaci ba ne. Ƙarshe na kasa, na je gidan Gwaggo Barira, ƙanwar Baba, ina addu'a a hanya Allah ya sa ta ce ba ta san sunan ba.

Ta san shi. Ta ajiye tsintar waken da take yi, ta ce aminin Baba ne, tare suka yi karatun allo. Fataucin shanu yake yi zuwa Kurmi. Tafiyarsa ta ƙarshe ya kwance agogon ya ba Baba, ya ce hanya ba kyau, ya riƙe masa sai ya dawo. Bai dawo ba, ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Ya bar mace da ciki, ta haifi 'ya, daga baya alƙali ya raba auren, ta yi wani a Tofa ta tafi da yarinyar. Na ce to me ya hana Baba ya kai musu? Gwaggo ta ce ta taɓa yi masa maganar, ya ce mai kaya cewa ya yi sai ya dawo, shi kuma ba zai zama wanda ya fara cewa Sama'ilu ya mutu ba.

"Ke kaɗai kika sani, sai ni," in ji ta. "Ni kuwa na tsufa da kai ƙara."

Wallahi na so na yi shiru. Na ji haushin Baba, na ji haushin mai gyara da idonsa ɗaya mai ganin abin da ba a tambaye shi ba. Yayyena sun sami abin da za su noma, ni ɗan abin da na zaɓa da hannuna, shi ne ba namu ba. Amma ajiya ba ta shiga gado, wannan ko yaron makarantar allo ya sani. Kuma wanda za a tambaya a kanta yana kwance a kabari, ba shi da bakin da zai ce a kai wa masu ita.

Wata ranar Laraba na shiga motar Kano, daga can na hau ta Tofa. Ba a sha wahalar nuna mini gidan 'yar Sama'ilu ba. Sunanta Ummukulthum, ta girme ni da kamar shekara takwas, doguwa, ba jiki. Na same ta a tsakar gida tana surfe. Uwarta ta daɗe da rasuwa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, tana ta kallona tana neman inda ta san ni.

Na faɗa mata komai, na buɗe gwangwanin. Ba ta taɓa shi ba tukuna. Ta ce ko hoton babanta ba ta taɓa gani ba, ko hularsa. Uwarta ba ta son zancen, ita kuma ta gaji da tambaya ta bari. Don kada na yi kuka a gidan mutane sai na kama karanta mata dokokin Malam Uwaisu, ina nuna mata yadda ake murɗawa da inda ake tsayawa. Tana ta cewa to.

Can ta goge hannunta a zane, ta ɗauka, ta juya maɗaurin fatar. A cikin hudojinsa guda shida, ɗaya ce kawai ta buɗe ta yi baƙi, ta can ciki, inda maɗauri ya fi tsukewa. Ta tambaye ni ko nan Babana yake sawa.

Na ce, "Yaya, Babana bai taɓa ɗaura shi ba. Ni ma haka."

Ta ɗora shi a hannunta na hagu, ta ja fatar a hankali don ta bushe, har ƙarfen maɗaurin ya faɗa cikin baƙar hudar nan. Ya zauna daidai, ba sako-sako, ba matsi. Ta daɗe tana kallon hannun nata.

"Ashe siririn hannu ne da shi," ta ce. "Irin nawa."